Talle Ya Je Yamai Bai Kwana Ba

A Kona in ka ce kana neman gidan Talle, sai a tambaye ka wanne, don a shekarun da aka haife su mutuwa ba ta ragawa masu jego, Tallen da ta bari sun isa su kafa unguwa har da limaminsu. Amma in ka ce Talle Mai Jirgi, ko akuyar bakin masallaci ta san ƙofar. Mutumin nan ko keke bai taɓa mallaka ba. Jaki guda ya yi a duniya, shi ma fari ya cinye. Noma ne aikinsa da damina, da rani kuma ɗinkin guga, na fata da na robar taya. Yini guda ne ya jawo masa sunan, kuma har ya bar duniya bai taɓa amsa shi da fara'a ba.

Bai yi arba'in ba uwarsa ta rasu. Yayarsa Habsatu, wadda a lokacin ko ɗaurin zane ba ta gama iyawa ba, ita ta sunkuce shi. Ta ba shi nonon akuya da ludayi, ta dama masa kunu. In za ta rijiya yana bayanta, in tana daka yana bayanta, kansa na kaɗawa da kowace saukar taɓarya. Abokan wasansa sun ce abin da ya sa ke nan har ya tsufa in ana magana yake gyaɗa kai, ko da bai yarda ba.

Da ta isa aure ta auri Inusa, wani gardi mai yawan gaisuwa, aiki ya yi ta jan su daga Tasawa zuwa Maraɗi, daga can sai Yamai, inda ya yi ritaya suka zauna. Ita Habsatu tana da doka guda game da baƙunci. A wurinta ɗan'uwan da ya zo bai kwana ba, ba zuwa ya yi ba, wucewa ya yi, kuma wucewar ma da magana a cikinta. Lokacin da suke Maraɗi, in Talle ya kai mata ziyara takalmansa take fara ɓoyewa kafin ta ba shi ruwa. Da suka koma Yamai, tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai saƙon gaisuwa, sai ɗan daddawa da kuka in an samu mai zuwa.

Sai ga shekarar jan dawa.

Waɗanda suka gan ta ba sa son a tsawaita. An yi shuka, ta fito, ta tsaya kamar gashin jariri, rana ta kwashe. Aka sake, aka sake. Rumbuna suka zama wurin kwanan ɓera, ɓeran ma daga baya ya ga ba riba ya tashi. Mata suka koma jiƙa ƴaƴan itacen anza, a zubar da ruwa a sake zubawa har ɗacin ya ragu ya zama irin wanda mutum ke iya haɗiyewa yana tasbihi. Soja ke mulki, suka ce ba mai sake zuwa birni ya shimfiɗa tabarma a gindin bango, kowa ya koma ƙauyensu ya yi noman rani. Aka haƙa rijiyoyi a wani kwari kusa da Kona, aka yanka wa kowane magidanci ɗan fili kamar shimfiɗar sallar mutum goma, aka ba shi irin shu, wato kabeji, da na salati, da arozuwa, butar ban ruwa. Wanda ya riƙe filinsa, shi ke da awon jan dawar taimako.

Wurin nan aka ɗora wa wani ajidan na soja, siriri, mai gashin baki kamar an ja da gawayi. Ba mugu ba ne can can, tsoron na samansa ne ya yi masa yawa. Shi ya ƙago tasa dokar: da sassafe zai zaga, kowane mai fili ya tsaya a kan filinsa da arozuwa a hannu, shi da kansa, ba ɗansa ba, ba matarsa ba. Wanda ba a gani ba ya yi gudun yunwa ke nan, a ba wani filin, awo ya tsaya. Wani maƙwabcin Talle ya roƙi izinin zuwa ta'aziyya Hawandawaki, ajidan ya ce bana kowa da mamacinsa. Mutumin ya tafi, ya dawo ya tarar da wani na shayar da salatinsa.

Bakunan da ke jiran awon Talle ba kaɗan ba ne: matarsa Zalika, ƴaƴansu, da marayun wansa da aka tattaro masa.

Cikin wannan hali wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a tasha ya aiko masa da saƙon baki. Habsatu ba ta jin daɗi, amma da sauƙi. Ta ce tana son ganinsa.

To, duk wanda ya sha nonon Bahaushiya, ko na akuyarta, ya san da sauƙi ba labari ba ne. Mai ciwon kai da sauƙi, wanda ake juyawa a kan tabarma shi ma da sauƙi. Rabin saƙon na biyu ne ya hana Talle cin abinci. Habsatu ba ta taɓa cewa a kira mata kowa ba, ita ke zuwa. Ya lissafa hanya: a jira mota a Tasawa, a kwana a Maraɗi, a kama doguwar hanya da shingayen jandarma, ga mota in ta ga dama ta mutu a daji. Kafin ya je ya dawo, shu ɗinsa ya zama na wani, yara sun koma kan anza.

Yana zaune bakin rijiya yana ɗinkin guga, allura na shiga inda bai nufa ba, sai ga Sidi. Sidi taubashinsa ne, direban wani poroje, aikin taimako na Turawan da ke haƙa rijiyoyin, mutum mai hular sanyi ko da bazara.

"Bawana, mi ya samu fuskarka? Ko Zalika ta gane ba ka da amfani?"

"Bar ni, Sidi. Yaya ce ba lahiya."

Sidi ya tsuguna ya ji zancen. Ya daɗe yana sosa ƙeya ta cikin hular.

"Kana tsoron mutuwa?"

"Wa ba ya tsoro?"

"To jibi ƙaramin jirgin Turawanmu za shi Yamai ɗauko kayan famfo. Da hantsi ya tashi nan filin Tasawa, kafin rana ta faɗi ya dawo, don filin namu ba fitila, sai kaho da ƙashin shanu. Ni ma za ni. Akwai kujera guda da buhu ke zama, in na roƙi Bature sai a sauke buhun a ɗora ka. Nauyinku ɗaya, hankalinku ɗaya."

"Yamai? A je a dawo yini guda?"

"Ka tsaya wa ajidan da safe, ka ga yayarka da rana, ka ci tuwon matarka da dare. In akwai tuwon."

Talle ya koma kan gugansa. A ransa abin bai yi kama da tafiya ba, ya fi kama da irin abin da ake cewa aljanu na yi. Tafiya ai sai an yi sallama da maƙwabta, an ɗaure ƙunshi, ƙafa ta yi ƙura. Amma bai ga wata ƙofa ba.

Ranar tafiya, ya tsaya kan filinsa da arozuwa, babbar rigar aro a naɗe cikin buhu a bayan rijiya. Ajidan na wucewa ya zura ta, ya faɗa motar Sidi. Tsarabar da ya iya samu aduwa ce cike da aljihu, ya tsinto su ɗaya ɗaya, don tun suna yara Habsatu ke son tsotsarta.

Jirgin bai kai kamiyo girma ba. Aka ɗaure Talle da ɗamara a kujera kamar ragon da za a kai kasuwa. Da abin ya fara ruri ya kama duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga bayi, ya ce ba a san wadda za ta yi aiki ba. Da suka daidaita a sama ya buɗe ido guda ya leƙa. Bai ga abin da ya zata ba. Ƙasar duka ja, a shanye kamar fatar da aka kafe da turaku. Garuruwa kamar an zubar da tsaba, hanyoyin shanu sun taru kan rijiyoyi, ba shanun. Shi da yake zaton yunwar ta Kona ce da kewayenta, sai ya ga ba ta da gefe. Ya rufe idon, bai sake buɗewa ba sai da Sidi ya zungure shi ya ga kogi.

Sun sauka rana ba ta kai tsaka ba. Baturen da ke tuƙi ya nuna agogo ya yi yarensa, Sidi ya fassara: ana kiran la'asar su kasance a nan, in ba haka ba jirgi ba ya da suruki. Motar poroje ta ajiye Talle a bakin unguwar su Inusa, Sidi ya ce zai biyo ya ɗauke shi in ya gama da kayan famfo.

Nan Yamai ta fara cin yininsa. Ya tambayi gidan Inusa gardi, aka amsa masa da Zabarmanci. Ya sake tambaya, aka kai shi gidan wani Inusan mai sayar da gawayi. Sai da ya samu wata mai ƙosai ƴar Mayahi ta nuna masa lungun.

Inusa na zaure. Ya ga Talle, ya miƙe, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, aka buɗe gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, ina Zalika, ina yara, ina mai gari, ina liman, ina wane da ya mutu tun bara, Allah ya jiƙansa, a yi fatiha. Ina ruwa, ina haƙuri da rashinsa.

"Ina mai jiki?" Talle ya samu ya sa.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Sha ruwa tukuna."

Ya sha. Aka kawo fura. Talle na sha yana kallon labulen ƙofar cikin gida, yana jiran a ce ya shiga. A zatonsa tana ɗaki ana kintsa ta. Bai kamata ƙane ya kutsa gidan mijin yayarsa ba a yi masa iso ba, kuma bai kamata mai gida ya tari baƙon da ya sha hanya da mugun labari cikinsa ba komai ba. Kowannensu na riƙe da ladabinsa, rana na tafiya. Har aka kama kaza.

"Yaya Inusa, kar a yanka. Ni yau zan koma."

Inusa ya yi dariya. "Koma ina?"

"Kona."

"Talle ke nan. Har yanzu ba ka bar barkwanci ba."

"Wallahi a jirgi na zo. La'asar zai tashi."

Sai a lokacin Inusa ya dube shi da kyau, ya ga ƙafarsa ba ƙura. Ya saki kazar.

"Ai ba ta nan. Tana asibiti tun wancan mako. Na ce ka huta, da maraice mu tahi tare."

Suka fita da sauri, tsoho na gaba yana jan ƙafa. A ƙofar asibitin mai gadi ya ce ba a shiga dubiya sai bayan azahar, kuma gaskiyarsa, haka dokar take ga kowa. Suka yi salla a gindin wata bishiyar bedi tare da sauran masu jira, kowa da kwanonsa a ɗaure cikin ɗankwali. Talle ya idar bai san surar da ya karanta ba.

Da aka buɗe, suka bi dogon ɗaki mai gadaje jere. Rashida, babbar ɗiyar Habsatu, wadda ta baro gidan mijinta ta zo jinya, ta taso ta durƙusa.

"Kawu, sannu da hanya. Yaushe a gari?"

"Ina take?"

Ta nuna gadon da ya riga ya wuce. Bai gane ta ba. Matar da ke ɗauke da tulu a ka da shi a baya ta koma kamar an ajiye zane a kan itace. Hannunta guda a waje, da zoben azurfar da ya sani, an naɗa masa zare don kar ya zame.

"Ta kwana biyu ba ta runtsa ba," in ji Rashida a hankali. "Ɗazun nan likita ya yi mata allura, ya ce kar a tashe ta. Amma da sauƙi."

Talle ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar gadon. Ya ce, "Yaya." Bai ɗaga murya ba, irin kiran da mutum ke yi yana fatan a ji, yana kuma tsoron a ji. Numfashinta ya ci gaba da fita da ɗan sauti. Ya ɗauki mafici ya riƙa kore mata ƙuda. Ya ba ta labarin gida ƙasa ƙasa: gawon ƙofar gidansu na nan, rijiyar tsohuwa ta ƙafe, yanzu shi manomin ganyen Turawa ne, wani abu wai shi shu, mai naɗe kansa kamar rawanin mai gari. Ko motsi ba ta yi ba.

Sau biyu ya kai hannu zai taɓa kafaɗarta. Sau biyu ya tuna an ce ta kwana biyu ba barci, ya janye. Ya ce a ransa bari inuwar taga ta kai ƙafar gado, in ba ta farka ba ya tashe ta. Inuwar ta kai, ya ƙara mata wani wa'adin.

Sai ga Sidi a bakin ƙofa, hula a hannu. Daga gidan Inusa aka kwatanta masa. Bai yi wasa ko ɗaya ba, ya dai nuna sama da haɓa.

"Kawu, ba dai tahiya ba?" in ji Rashida.

"Jirgi ne, ɗiyata. Ba ya jira."

"Ka bari ta farka mana. Ko zuwa magariba. Kullum sai ta ce ko Talle ya iso."

Inusa ya ce, "Kwana ɗaya dai. Gobe mu nema maka mota."

Talle ya dubi yayarsa. Ya ga kuma ajidan da gashin bakinsa yana tsaye kan fili ba kowa, ya ga Zalika na zubar da ruwan anza, yara na zaune sun zuba mata ido. Ya zazzage aljihunsa, ya tara aduwar a gefen matashinta.

"In ta tashi ki ce mata na zo. Ki hwaɗa mata yadda abin yake. Da an ɗebe shu zan dawo in yi wata."

Rana na shirin faɗuwa suka sauka a Tasawa. Da ya shiga Kona mutane na alwalar magariba, wani ya tambaye shi ko daji ya je yankan kaba, bai gan shi ba yau. Ya ce Yamai ya je. Aka yi dariya har liman. Da Sidi ya rantse, dariyar ta koma mamaki, kafin a yi isha an raɗa masa suna. Washegari ya tsaya kan filinsa da arozuwa, ajidan ya wuce bai ko dube shi ba.

Mutanen gari suka yanke hukunci cewa abin ya yi kyau. Ga zumunci an sada, ga fili bai tafi ba. Har wani malamin lakkol, makarantar boko, ya ce nan gaba haka kowa zai riƙa yi, a karya kumallo a Tasawa a yi cefane a Yamai.

Shu bai gama naɗe kai ba labarin rasuwar ya iso. Bayan sadakar arba'in Inusa ya zo Kona da kansa, ta mota, ya iso fari fat da ƙura. Aka yi gaisuwa, aka yi fatiha. Da mutane suka ragu, Talle ya matsa kusa.

"Ta farka?"

"Ta farka, wajen magariba."

"An hwaɗa mata?"

Inusa ya so ya tsaya nan. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, gaisuwa kawai ya iya tsawaitawa.

"Da Rashida ta ce ka zo, cewa ta yi a bar yi mata wasan yara. Sai ta ga aduwa. Ta ɗauki ɗaya ta daɗe tana dubawa, ta ce wagga ta gida ce. Ta ce to ina yake, a ce ya shigo. Aka ce ka koma."

"Ba a ce mata jirgi ba ne? Da zancen fili?"

"An ce. Rashida ta yi bayani, ni ma na yi."

"Mi ta ce?"

"Ta ce, jirgin ne ya goya shi?"

Talle ya gyaɗa kai.

"Ba ta sake zancen ba sai ana jibi za ta cika. Ta kira ni ta ce, Malam, ka tuna ko akwai abin da na yi wa yaron nan? Mutum ya taho tun daga Kona, ya ƙi kwana gidana. Na ce ba komai, zamani ne. Ta ce a'a, a dai tambaye shi. In akwai, ya yahe mani." Inusa ya share ido da bakin rawani. "To na tambaye ka. Na sauke."

An ce zumunta a ƙafa take. Ba wanda ya taɓa cewa a fiffike, kuma Habsatu ba ta zauna duniyar da za a sake mata karin magana tana kwance ba. Talle ya buɗe baki zai ba da amsa, ya ga wanda zai kai ta ba shi da inda zai kai.

Yaran gidansa duka sun fita shekarar da rai, wannan ba a ƙwace masa ba. Damina ta gaba ruwa ya sauka, ajidan ya tafi inda ajidan ke tafiya, kwarin ya koma wurin kiwon awaki. Da aka ɗaure gero Talle ya hau kamiyo, a bisa buhunan wake, ya sha rana da shingaye har Yamai. Inusa ya kai shi maƙabarta. Suka yi ta zagawa. Shekarar an yi rufin gawa da yawa, ruwa kuma ya bi ya daidaita kaburburan, tukunyar da aka kifa alama ta fashe ko an ɗauke. Inusa ya tsaya nan ya ce kamar nan ne, ya matsa can ya ce ko kuwa nan. A ƙarshe Talle ya tsuguna tsakanin biyun ya yi addu'a, ya ce duk wadda ba ita ba ce, ita ma ta samu.

Ya yi watan da ya ce zai yi, a zauren Inusa, su biyu, ba mai yawan magana. Rashida ke aiko masu da tuwo.

Ya rayu bayan haka har gemunsa ya yi fari, yana ɗinkin guga har robar ta kori fatar. Samari masu zuwa ci-rani kan tsaya su tsokane shi, Baba Mai Jirgi, wai da gaske ana zuwa Yamai a dawo yini guda? Sai ya ce ana zuwa. In suka ce to ya tafiyar take, sai ya miƙa wa wanda ya fi kusa bakin gugan ya ce ya riƙe masa nan da kyau, zai ja zare.